Me ake nufi da 2H, 4H da 4L a tsohuwar mota mai fowil?

A gefen libar giya ta tsohuwar mota mai fowil, wato mai iya ja da ƙafa huɗu, irin su Land Cruiser, Hilux, Patrol ko Pajero, akwai wata gajeriyar liba da aka rubuta wa 2H, 4H, N da 4L. A wasu motocin harafin ne ke gaba: H2, H4, L4. Lambar tana nufin yawan ƙafafun da injin ke juyawa. H na gudun yau da kullum ne, L kuma na tafiyar sannu mai ƙarfi. Libar ba ta taɓa giyabos ba, tana sarrafa wani akwati ne daban da ke manne a bayansa, wanda makanikai ke kira tiransifa. Daga cikinsa farfela biyu suke fita, wato dogayen sandunan ƙarfe masu kai juyin injin ga ƙafafu, ɗaya zuwa aksil na baya, ɗaya zuwa na gaba.

A 2H ƙafafun baya kaɗai ke tura motar. A 4H an haɗa farfelar gaba. A 4L an haɗa ta, sannan an ƙara wasu haƙoran da ke rage gudu su ninka ƙarfi, galibi sau biyu zuwa biyu da rabi, a wasu Land Rover ma fiye da sau uku. Shi ya sa mota ke iya hawa dutse ko gangarowa a 4L ba tare da an ƙona kulochi ko an dogara ga birki ba. N kuwa ta yanke injin daga dukkan ƙafafu, kuma a kula da ita sosai: motar da aka bari a N za ta iya gangarewa ko da babbar giya na ciki, ko da otomatik ce an sa ta a P.

Abin da ya fi muhimmanci, wanda rubutun kan libar bai faɗa ba, shi ne wannan. A yawancin tsofaffin motocin nan, 4H ɗaure gaba da baya take yi tamau, su juya da gudu ɗaya. To amma idan mota ta sha kwana, tayoyin gaba sun fi na baya yin zagaye mai faɗi, dole su fi su juyawa. A kan yashi, laka ko tsakuwa babu damuwa, taya ɗaya za ta ɗan zame, bambancin ya fita ta nan. A kan busasshiyar kwalta taya ba ta zamewa, sai bambancin ya taru a cikin ƙarfe, farfela ta riƙa murɗewa kamar rigar da ake matsewa bayan wanki. Direba zai ji sitiyari ya yi tauri, motar tana tirjewa ko tsalle a kwana, tayoyi suna kuka, libar kuma ta ƙi fita daga 4H duk ƙarfin da aka sa. In aka ci gaba, abin da ya fi rauni ne zai fara ba da kai: kuros, wato gaɓar farfela, haɗin aksil na gaba, cibiyar taya, ko haƙoran tiransifa.

Raina yakan ɓaci idan na ji ana ba sabon direba shawarar ya bar mota a 4H kullum wai don ta fi kama ƙasa. A irin waɗannan motocin shawara ce ta ɓarna, kuma ɓarnar ba a ranar take bayyana ba, sai a rasa daga ina ta fito.

Idan liba ta maƙale haka, kada a doke ta. A miƙe sitiyari, a yi ribas na 'yan mitoci a hankali ana danna libar da sassauci, ko a sauka gefen hanya inda ƙasa ke da laushi. Yawanci da kanta za ta saki. Tayoyi ma suna haddasa wannan ɗaurewar ko a miƙaƙƙiyar hanya, idan na gaba da na baya ba girmansu ɗaya ba, ko biyu sabbi ne biyu sun cinye, ko iskar ba daidai ba. Mai irin wannan mota ya riƙe tayoyinsa huɗu iri ɗaya.

Ba kowace tsohuwar mota ke bin wannan doka ta guje wa jan ƙafa huɗu a kan kwalta ba. Range Rover tun fitowarta a 1970, da kuma da yawa daga cikin Land Cruiser samfurin 80 da ya fito a 1990, suna da difaransha ta uku a cikin tiransifa, ban da ta aksil ɗin gaba da ta na baya, wadda ke barin gaba da baya su bambanta gudu, don haka kullum ƙafa huɗu suke ja har a kwalta. A wurinsu sai an kulle wannan difaransha ta tsakiya ne dokar ke hawa kansu. Kafin komai, mai mota ya san wace iri yake tuƙawa.

Sai makullan cibiyar tayoyin gaba, masu rubutun FREE da LOCK, waɗanda Arthur Warn ya fara ƙerawa a Amurka a 1948 domin motocin Jeep da suka rage bayan yaƙin duniya na biyu. A FREE tayar tana juyawa ita kaɗai, aksil da farfelar gaba suna hutawa. Duk wanda ya ja liba zuwa 4H alhali makullan na FREE, ko ɗaya kawai ya kulle, ƙafa biyu ke jan motarsa ko da fitila ta kama a gaban direba. Idan an kulle su, ana iya shiga 4H mota na tafiya a hankali. Shiga 4L kuwa sai an tsaya, a taka kulochi, ko a mai da otomatik N.

Rashin amfani ma yana kashe fowil. Haƙoran da ba sa juyawa ba sa samun mai a samansu, giris ya daskare a cibiya, sil, wato robar da ke tare mai, ya bushe ya fara yoyo. Littattafan Toyota na irin waɗannan motoci suna cewa a yi tafiyar kilomita 16 a fowil kowane wata, kuma kan hanyar ƙasa ya kamata a yi ta. Man tiransifa daban yake da na giyabos, an fi mantawa da shi. Wasu suna shan man giya mai kauri irin 75W-90, wasu man otomatik, sai a bi abin da littafin motar ya ce. Wajen canji a fara kwance noti na zubawa kafin na tsiyayewa, don kada a zubar da tsohon mai sannan a tarar na saman ya ƙi kwancewa. Man da ya fito fari-fari ruwa ne ya shige shi, galibi bayan ƙetare rafi. Idan kuma tiransifa ta cika ta tumbatsa, man giyabos yana raguwa, ko akasin haka, sil ɗin da ke tsakaninsu ne ya mutu.

In an sa 4H amma gaba ba ya ja, akwai gwajin da ba ya buƙatar kwance komai. A tsayar da mota a shimfiɗaɗɗen wuri, a kashe injin, a ja birkin hannu, a tokare tayoyi. A kulle cibiyoyin biyu, liba a 2H, a kama farfelar gaba a murɗa da hannu. In ta ɗan motsa ta tsaya, cibiyoyi da aksil lafiya suke. In ta yi ta juyawa, wata cibiya ba ta kamawa ko sandar aksil ta karye. Daga nan a mai da cibiyoyin FREE, liba a 4H, babbar giya a lamba ɗaya, a sake murɗawa. Yanzu bai kamata ta juya ba. In ta juya, matsalar tana cikin tiransifa ko a sandunan libar. Motocin da ba su da makulli a cibiya, waɗanda zuƙar iskar injin ke haɗa musu gaba, kamar wasu Hilux da Pajero na shekarun 1990, a fara duba siraran tiyo na roba da ke zuwa aksil ɗin gaba, domin tsagewar guda ɗaya ta isa ta hana gaban shiga, fitilar fowil ta yi ta ƙyaftawa.