Kalmar "tea" ai 'yar gida ce a China

Ɗan China da ya fara koyon Turanci, cikin kalmomin farko da malami zai ba shi akwai tea, wato shayi, shi kuma ya zauna yana haddace ta kamar baƙuwa, alhali daga gidansu ta fita shekara ɗari huɗu da suka wuce. A rubutun China harafi ɗaya ne ko'ina, amma mutumin Beijing cha yake cewa, su kuwa mutanen gaɓar Fujian, wajejen tashar Xiamen, da yarensu na Hokkien te suke cewa.

To kamfanin 'yan kasuwan Holan da aka kafa a 1602 da mutanen Fujian ɗin nan ya fi harka, a Java da Taiwan, sai suka kwaso ganyen har da sunan, wajen 1610 ya sauka Amsterdam, daga can Ingila ta ara. 'Yan Fotugal kuwa da suka zauna Macau tun 1557 cha suka ɗauko, kuma abin dariya gimbiyarsu Catherine da ta auri Sarki Charles na biyu a 1662 ita ta sa shan shayi ya zama gayu a fadar Ingila, amma cha ɗin garinsu bai ci kasuwa ba, na Holan ne ya zauna.

Mu namu ta hanyar fatake ya zo, cha ya koma chay a Farisa, Larabawa suka ce shay, mu muka ce shayi.

Inda ɗalibi ke shan wahala shi ne ma'ana, don Bature ya ɗora wa kalmar kaya da yawa. A arewacin Ingila in an ce ka zo tea da ƙarfe shida abincin dare fa ake nufi, ƙila a ajiye maka kifi da soyayyen dankali ko kofin shayi ba ka gani ba. Akwai na la'asar mai kek da biredi da masu sarauta suka fito da shi wajen 1840. In mutum ya ce abu ba cup of tea ɗinsa ba ne, wai bai kwanta masa ba kenan. Yanzu kuma matasan intanet sun kwaso wata daga bakin baƙaƙen fatan Amurka, spill the tea, wato kawo gulmar mu sha, wannan kam ko ruwan zafi babu a ciki.