Me Ya Sa Kwamfuta Ke Mance Saitin Sauti Bayan An Kashe Ta?

Na daidaita ƙarar sauti, amma da na sake kunna kwamfutar sai ta koma yadda take. Lalacewa ta yi?

A mafi yawan lokuta lafiyarta lau. Kwamfuta tana rubuta saitin sauti ne a ma'ajiyarta, ta karanto shi idan an kunna ta. Idan rubutun bai samu shiga ba, ko wata manhaja ta zo daga baya ta sauya shi, sai ka ga ƙarar ta koma gidan jiya. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda ɗalibi a Samaru ko Kongo a Zariya zai kai kwamfutarsa a goge masa komai a sake zuba Windows saboda wannan 'yar matsala, ya biya kuɗi, wani lokacin har ya rasa rubutun da ya sha wahala a kai.

Ɗauke wuta na da hannu a ciki?

Ƙwarai kuwa, musamman ga kwamfutar tebur da ba ta da UPS (na'urar batiri mai riƙe ta in an ɗauke wuta), ko ta cinya da batirinta ya mutu. A Linux (tsarin tafiyar da kwamfuta, kishiyar Windows), sashen kula da sauti mai suna ALSA yana adana saitin ne lokacin da ake kashe kwamfuta yadda ya kamata. In an ɗauke wuta farat ɗaya, ko ka danne maɓallin wuta har ta mutu, ba ta samu damar rubutawa ba. Don haka gwaji na farko ba ya buƙatar ko sisi: ka saita ƙarar, ka kashe ta ta hanyar "Shut down", sannan ka kunna ka gani.

Ina amfani da Linux. Yaya zan adana da kaina?

Buɗe tamina (tagar rubuta umarni), rubuta `alsamixer`, ka ɗaga ko rage ƙarar da maɓallan kibiya. In ka ga "MM" a ƙarƙashin wani layi, sautinsa a rufe yake. Danna M ya buɗe. Fita da Esc, sannan ka rubuta `sudo alsactl store`. Wannan zai zuba saitin cikin fayil ɗin `/var/lib/alsa/asound.state`, inda kwamfutar ke karantowa duk lokacin da ta tashi.

Sai dai akwai wani abu da ke rikita mutane. A saman ALSA akwai wata manhajar sauti, PulseAudio ko PipeWire, kuma kowannensu yana da tasa ma'ajiyar. Ubuntu, wani nau'in Linux, ta koma PipeWire tun fitowar 22.10 a shekarar 2022. Saboda haka kana iya adanawa a ALSA, amma da ka shiga da sunanka sai na saman ya ɗora nasa saitin. In haka ta faru, gyara ƙarar daga saitin sauti na allo ko ta manhajar daidaita sauti ta `pavucontrol`, a can ne gyaran zai zauna.

To mai Windows fa?

Windows tana riƙe ƙarar kowace na'ura daban. Lasifikar kwamfuta da nata, abin kunne da nasa, talabijin da ka haɗa ta HDMI ma haka. Sauya ramin USB kaɗai kan sa ta ɗauki na'urar a matsayin sabuwa. Duba kuma shafin "Communications" a saitin sauti: a yadda aka saita shi tun asali, yana rage sauran sautuka da kashi 80 cikin 100 idan ya ji ana kira. Zaɓi "Do nothing". In abin ya ƙi, sabunta direban sauti (manhajar da ke sarrafa na'urar sauti), wanda a kwamfutoci da yawa na Realtek ne.

An ce in sauya ƙaramin batirin cikin kwamfutar.

Kada ka ɓata kuɗinka. Wannan batirin, CR2032, agogo da saitin BIOS (manhajar da ke tayar da kwamfuta) yake riƙewa, babu ruwansa da ƙarar sauti.

A shagon buga takardu a PZ, kullum sai an sake saitawa. Me ya sa?

Wasu masu shago suna sa manhaja irin Deep Freeze, wadda ke mayar da komai yadda yake duk lokacin da aka sake kunnawa, don kare kwamfuta daga ɓarnar masu zuwa aiki. Mai shagon ne kaɗai zai dakatar da ita, ya saita sautin, sannan ya mayar da ita. Haka ma Linux da ake kunnawa daga filas ba tare da wurin ajiya ba: ana kashewa, saitin ya tafi.