Launin Fentin Ɗaki da Yanayin Zuciya a Lokacin Kaka

Launin bangon ɗaki na cikin abubuwan da ake dangantawa da walwala ko ƙuncin mazauna gida. A Kaduna kaka tana kamawa ne daga wajen Oktoba, bayan ɗaukewar ruwa, zuwa Nuwamba, sai hunturu ya biyo da hazo da ƙurar Sahara. A Turai da Amurka gajartar yini ce damuwar kaka, kuma a 1984 likitan ƙwaƙwalwa Norman Rosenthal da abokan aikinsa suka bayyana wani ciwon damuwa mai zuwa da wannan yanayi. Kaduna kuwa tana kusan digiri 10 arewa da layin da ya raba duniya biyu, don haka tsawon yini bai bambanta da fiye da sa'a ɗaya da 'yan mintoci a shekara ba. Abin da ke sauyawa a nan shi ne irin hasken, da rufe tagogi da ake yi saboda ƙura.

Tarihi

Kafin zuwan fentin kanti, launin ɗakin Bahaushe daga ƙasa da itatuwa yake fitowa. Mata ne ke jiƙa farar ƙasa su shafe cikin ɗaki da tsumma, galibi gab da salla ko kai amarya, kuma bukukuwan aure sukan yawaita bayan an kai amfanin gona gida. Makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, tana ba daɓe da bango launi mai duhu tare da ƙara musu ƙarko. A waje magina na amfani da laso, haɗin katsi daga marina da gashin jima da dafara, don kare gini daga ruwa. Tunda ɗakin ƙasa ƙananan tagogi gare shi, farar ƙasa ce ke haskaka shi, a bar ja da shuɗi ga zane. Zariya ta yi suna a zanen bango, wanda ake ganin ya bunƙasa a wajen tsakiyar ƙarni na 20, lokacin da siminti da fenti masu kala suka shigo. Garin Kaduna, da ya zama hedikwatar Arewa a 1917, ya tashi ne da tsarin ginin Turawa, shi ya sa bulo da fentin kanti suka fi kankama a cikinsa.

Binciken masana

Goethe, marubucin Jamus, ya raba launuka a 1810 zuwa masu zaburarwa kamar rawaya da masu sanyaya jiki kamar shuɗi. A wajen 1979 wani mai bincike, Alexander Schauss, ya yi iƙirarin cewa wani launin ruwan hoda na kwantar da hankalin fursunoni, amma gwajin da aka yi daga baya bai tabbatar da shi ba. Binciken Valdez da Mehrabian na 1994 ya nuna hasken launi da kaurinsa sun fi jinsinsa tasiri a kan yanayin zuciya. Batun ko launi shi kaɗai na sauya hali har yanzu ana jayayya a kai.

Zaɓen launi

Masu yin fenti na auna yawan hasken da launi ke mayarwa daga 0 zuwa 100. Ga ɗakin da tagoginsa ke rufe, launin da ya haura 60 ya fi dacewa. Ruwan madara da ruwan ƙasa mai haske sun fi kowanne jure kaka, domin ƙura ba ta fitowa a kansu. Fari fat yana daɗe da kyau ne kawai in ana goge shi, shuɗi mai duhu kuma yana tona kowace ƙura. Ruwan toka, da ake yayi a sababbin gidaje, yakan mutu a ranar hazo, ɗakin ya yi kamar magariba tun da hantsi. Ruwan goro da ja sun fi kyau a bango guda na falo.

Ƙwan lantarki ma yana sauya launi. Mai lamba 2700 zuwa 3000 a ma'aunin Kelbin na launin haske yana ɗumama ruwan madara, farin ƙwai mai 6500 kuma yana kashe shi. Ana gwada launi a murabba'in mita guda, a duba da safe, da la'asar, da kuma dare.

Shafawa

Lita ɗaya ta fentin ruwa tana rufe murabba'in mita 8 zuwa 12 a bango mai santsi. Ɗaki mai ƙafa 12 a 12 yana cin lita 8 zuwa 10 a shafi biyu, wato galan biyu mai lita 4 ko ɗan fiye, da tazarar sa'a 2 zuwa 4 tsakanin shafi da shafi. Sabon filasta yana buƙatar kusan mako huɗu ya bushe. Bangon da ya sha damina, in aka gaggauta masa fenti a Oktoba, danshin ciki ke tura fentin ya kumbura ya ɓare, ko farin gishiri ya feso a gindinsa. In an jinkirta zuwa Disamba kuma, busasshiyar iska kan busar da fenti kafin ya baje, sawun burushi ya fito, ƙura ta manne. Yawan sirka ruwa na sa launi ya koɗe ya yi dabbare-dabbare. Fentin mai ana barinsa ga ƙofa da taga, kuma warinsa na sa ciwon kai a rufaffen ɗaki, don haka a bar shi ya sha iska kwana biyu zuwa uku kafin yara su kwana ciki.