Auna jeruwar hasken rana a sararin sama

Jeruwar haske ita ce karkatar kaɗawarsa zuwa fuska guda. Haske yana tafiya ne yana kaɗawa, kamar igiyar shanya da aka girgiza daga bakinta. Wanda ya taho kai tsaye daga rana yana kaɗawa ta kowace fuska, amma idan ya ci karo da ƙwayoyin iska ya warwatsu, sai wani kaso nasa ya jeru. Idon mutum da kyar yake lura da hakan. Ƙudan zuma kuwa da shi suke gane hanya, kamar yadda masanin dabbobi Karl von Frisch ya nuna a 1949.

François Arago na Faransa ne ya fara gano abin a 1809, sannan Lord Rayleigh na Ingila ya bayyana dalilinsa a 1871: warwatsuwar da ke sa sama ta yi shuɗi ita ce ke jera hasken. Jeruwar ta fi ƙarfi a nisan digiri 90 daga rana, inda takan kai kashi 70 cikin 100 idan sama ta yi garau. Akwai kuma wuraren da take ɓacewa ɗungurungum. Arago ya ga ɗaya a ɓangaren sama da ke kishiyar inda rana take, Babinet ya ga wani a saman rana a 1840, Brewster ya ga na uku a ƙasanta a 1842.

Kayan awon ba su da tsada. Ana ɗora matacin haske mai barin kaɗawar fuska guda kawai ta wuce, irin wanda ke cikin tabarau mai kashe ƙyalli, a gaban kyamara, a nufi wuri guda a sama, a riƙa juya shi a hankali. Sama za ta yi duhu, ta sake haskakawa. Sai a ɗauki adadin haske mafi yawa da mafi ƙanƙanta, a raba bambancinsu da jimillarsu. Abin da ya fito shi ne ma'aunin jeruwar. Masu bincike sukan ɗauki hoto uku, matacin yana digiri 0, 60 da 120, don su sami fuskar kaɗawar ma. Kada a kuskura a dubi rana ta cikin matacin, domin ba ya kare ido.

A Accra, lokacin da ya fi dacewa shi ne gab da magariba, wajen ƙarfe 6. Rana tana yamma, don haka layin da jeruwar ta fi ƙarfi yakan taso daga arewa, ya bi ta tsakar ka, ya gangara kudu wajen teku. Mai tsaye a kan bene a unguwar Nima ko Mamobi zai iya bin sa da irin wannan tabarau kawai.

Amfanin awon a nan ya fi fitowa da hunturu. Daga Disamba zuwa Fabrairu iska tana kwaso ƙura daga Sahara, musamman kwarin Bodele na Chadi. Ƙwayoyin ƙura sun fi na iska girma nesa ba kusa ba, kuma haske yakan yi ta karo da su sau da yawa, sai jeruwar ta ragu ƙwarai, sama ta yi fari. Hayaƙin motoci da na ƙona shara, da gishirin teku, su ma suna rage ta. Saboda haka ma'aunin yana ba da alamar yawan ƙura da hayaƙin da ke cikin iska, kuma ya cancanci malaman kimiyya na makarantun zango su koya wa ɗalibai shi. Cibiyar AERONET ta NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta kafa tasha a garin Koforidua na Ghana don auna hasken rana da na sama da bin diddigin ƙurar.