Teku a Sakkwato, wuta a Biu: me ɗaliban ilimin duwatsu ke fita nema?

Da rani, bayan ciyawa ta bushe ƙasa ta fito fili, akan ga motar jami'a ta tsaya a bakin wani kwazazzabo, ɗalibai sun zube riƙe da guduma da littafi. Mutanen ƙauye kan ɗauka zinariya ake nema. Galibi ba ita ba ce.

Me ya sa sai an fita daji? Aji bai isa ba?

Gani ya kori ji. Dutsen da ke kan tebur a ɗakin gwaji an raba shi da gidansa, ba za ka san me ke samansa da me ke ƙasansa ba, alhali nan labarin yake. Shi ya sa sassan ilimin duwatsu, irin na Zariya da Jos da Sakkwato, suke wajabta fita aikin fili. Kayan aikin ba su da yawa: guduma, kamfas, madubin ƙara girma, da ɗan kwalban ruwan asid. In aka ɗiga shi a kan dutse ya yi kumfa, to dutsen farar ƙasa ne.

Da gaske ne teku ya taɓa rufe Sakkwato?

Da gaske ne, kuma ba sau ɗaya ba. Kimanin shekara miliyan 70 zuwa 55 da suka wuce, wani mashigin teku marar zurfi ya ratsa inda Sahara take yanzu, ya malale ƙasar Sakkwato da kudancin Nijar. Masana sun raɗa wa shimfiɗun duwatsun yankin sunayen garuruwan da aka fi ganinsu: Taloka, Dukamaje, Wurno, Dange, Kalambaina, sai Gwandu a can sama. Na ƙasa ya girmi na sama, kamar dai tabarmin da aka jibge.

A shimfiɗar Dukamaje aka tono ƙasusuwan wani ƙaton dabban ruwa, dangin damo da guza, wanda a 1972 aka sa masa suna Goronyosaurus saboda Goronyo. An kuma samu ɓawon kififiya da ƙasusuwan kada da haƙoran kifi a yankin. Ita kuwa farar ƙasar Kalambaina cike take da ɓawon ƙananan halittun teku, kuma ita masana'antar simintin Sakkwato take ƙonawa. Wato wanda ya gina ɗaki da wannan siminti, da gindin teku ya yi gini, ko bai sani ba.

Yaya ƙashi ke komawa dutse?

Sai laka ta binne gawar da wuri, kafin ta ruɓe ko namun daji su watsa ta. Daga nan ruwan ƙarƙashin ƙasa ya riƙa shiga ƙofofin ƙashin yana ajiye ma'adinai har ya taurare. Ba kowace gawa ke dacewa ba. Inda aka dace sosai shi ne Gadufawa, a hamadar Tenere ta Nijar, wurin da aka samu ƙasusuwan Nigersaurus, wata ƙatuwar dabbar zamanin da (dinosaur) mai haƙora sama da 500.

Duwatsun aman wuta fa, ina ake zuwa?

Tudun Biu a Borno da tudun Jos. A Biu akwai tafkin Tila, wanda bakin dutse mai aman wuta ne ruwa ya cika. A Filato kuma ana hawa tsaunukan Panyam da Kerang a ƙaramar hukumar Mangu. Dutsen baƙi ne mai nauyi, wani duk huji-huji saboda iskar da ta kuɓuce lokacin da narkakken dutsen ke hucewa. In ya ruɓe yakan zama ƙasa mai albarka, abin da manoman dankalin Turawa na wannan yanki suka sani tun kafin malaman jami'a su zo. A wasu wurare kuma narkakken dutsen ya binne tsofaffin rafuka masu kuza, dole mahaƙa su huda shi kafin su kai gare ta.

Ana samun burbushin halittu a cikinsu?

Da wuya. Abin da ya fito da zafin da ya haura digiri 1,000 ba ya barin ƙashi. Amfaninsa daban ne: yana da agogo a jikinsa. Sinadarin fotashiyam da ke ciki yana rikiɗa zuwa iskar agon a hankali, da ma'auni sananne, don haka ana iya lissafa shekarunsa. In shimfiɗar toka ko narkakken dutse ta kwanta a kan mai ƙasusuwa, ka san ƙasusuwan sun girme ta.

Za su iya sake amai?

Barci suke, kuma sun daɗe suna yi. Sai dai masana na lissafa Biu cikin jerin da ya haɗa da Dutsen Kamaru, wanda ya yi amai a 1999 da 2000, da tafkin Nyos da iskarsa ta kashe mutum kimanin 1,700 a 1986.

Ɗalibi zai iya sa abin da ya tsinta a aljihu?

Nan malamai suka fi faɗa, kuma da gaskiyarsu. Kafin a taɓa komai sai a rubuta wurin, da shimfiɗar da yake ciki, a ɗauki hoto da guduma a gefe don a gane girmansa, sannan a sa masa lamba a kai sashen ilimin duwatsu na jami'a. Haƙorin da aka tsinta aka jefa jaka ba tare da an rubuta inda ya fito ba, ko malamin da ya fi kowa sani ba zai iya mayar da shi shimfiɗarsa ba. Kuma kafin duk wannan, sai an fara sauka ƙofar mai gari an gaishe shi an nemi izini.