Ga Ta Nan, Ga Ta Nanku: Minti Goma Kafin Yaro Ya Yi Barci

Duk ranar awon yara a ƙaramin asibitin da nake aiki, abu ɗaya nake gani a kan benci: yaro ya fara kuka, uwa ta zaro waya ta danna masa bidiyo, ya yi tsit. Na taɓa tambayar wata mai ɗan shekara biyu da me yake yin barci da dare. Ta ce, "Da waya, Malama. In na karɓe sai ya tayar mana da gida." Na ce to tatsuniya fa? Ta yi dariya, wai tatsuniya ai ta bi kakarta kabari.

Ban ga laifinta ba. Wadda ta wuni tsakanin murhu da wanki, in dare ya yi hutu kawai take nema. Amma dole in faɗa mana gaskiya. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara kan yara 'yan ƙasa da shekara 5: kada a zaunar da jariri ko ɗan shekara ɗaya gaban waya ko talabijin, daga shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. Abin da ta ce a yi in yaro yana zaune shi ne karatu da ba da labari tare da mai renonsa. Wato abin da kakanninmu ke yi a tsakar gida ba tare da wata hukuma ta faɗa musu ba. Ɗan shekara 1 zuwa 2 yana bukatar barcin awa 11 zuwa 14 har da na rana, ɗan shekara 3 zuwa 4 kuma awa 10 zuwa 13, kuma hasken waya a ido dab da kwanciya korar barci yake yi.

Yaro a bakin mutum yake koyon magana. Ki ce "akuya," ya ce "kuya," ki yi murmushi ki maimaita masa. Waya ba ta jiransa ya amsa, zuba kawai take yi. Ku tuna yadda tatsuniya ke farawa: sai an ce "ta zo mu ji ta" kafin Gizo ya fito. Tun daga ƙofa an ba yaro bakin magana.

"Malama, ni ban yi boko ba." Wannan na fi ji, kuma ba ya hana komai. Littafin hotuna ba ya tambayar takardar makaranta. Ki shiga gidan sauro da yaron, ki ɗora shi a cinya, ki buɗe shafi ki ce, "Wa ke nan? Ina kazar za ta?" Ki bar shi ya juya shafin da kansa ko da ya tsallake uku. In ya ce a sake na jiya, a sake, ko dare goma ne a jere, don da maimaici kalma ke zama a kansa. In an ɗauke wuta, tocila ko fitilar sola ta isa, amma kada a kusanto da kyandir ko aci-balbal kusa da gidan sauro.

Wajen zaɓen littafi, ga gwajin da nake yi a gaban mai sayarwa: in rufe rubutun da tafin hannu, in ga ko hotunan kaɗai za su ba ni labarin. In ba su iya ba, na ajiye. Wa jariri, a nemi mai shafi na kwali mai kauri, hoto ɗaya babba a kowane shafi, musamman fuskar mutum. Zai kai shi baki, wannan ba makawa, don haka a duba kada a sayi wanda aka haɗa da 'yan wayoyin ƙarfe a tsakiya ko mai abin da zai ɓalle ya maƙale masa a wuya. Ɗan shekara biyu zuwa uku ya fi son ganin abin da ya sani: tulu, jaki, kasuwa, A Daidaita Sahu. Littattafan gwanjo masu hotunan dusar ƙanƙara ba haramun ba ne, amma in da zaɓi a fara da na gida, kuma ko rubutun na Turanci ne ki ba da labarin da Hausa. Ɗan huɗu zuwa biyar yana son labari mai kai da gindi, mai 'yar waƙa da ke dawowa ya riƙa amshi. Dodo mai haɗiye yara kuwa a ajiye wa yayyensa, in ba so kike ya farka da ihu tsakar dare ba.

In kuɗi ne matsala, tsohuwar kalanda da kwali da allura da zare sun isa a haɗa littafi. Shafin intanet na African Storybook ma yana da labaran yara da Hausa kyauta, ana iya bugawa a takarda.

Maigida, kai ma da kai nake. Minti goma bayan sallar isha'i kafin ka wuce majalisa ba za su rage ka da komai ba, ka rufe masa da addu'ar barci.

Kuma ku sa ido yayin karatun. In yaro ba ya waiwayowa in an kira sunansa, ko ya kai wata 18 ba ya nuna abu da yatsa kuma ba kalma ko ɗaya, ko ya cika shekara 2 bai haɗa kalma biyu irin "Mama zo" ba, ko kunnensa yana fitar da ruwa, kada a tsaya a kan "ai babansa ma ya yi nauyin baki." A kawo mana shi, da katin awonsa, mu duba kunnen.