Santsi da Taɓo

Santsi da Taɓo suna ne na ɓangarori biyu da jam'iyyar PRP ta dare zuwa gare su a Kano a shekarar 1980. Ɓangaren Taɓo shi ne na Malam Aminu Kano, shugaban jam'iyyar na ƙasa. Ɓangaren Santsi kuwa gwamnoninta biyu ne suka ja shi, Muhammadu Abubakar Rimi na Kano da Abdulƙadir Balarabe Musa na Kaduna. Jam'iyyar ta tafi da juyin mulkin ƙarshen 1983, amma sunayen biyu sun zauna a bakin Kanawa. Har yau idan 'yan siyasar da ke kiran kansu masu ra'ayin kawo sauyi suka saɓa, musamman gab da zaɓen fid da gwani na shugaban ƙasa, dattawa kan ce tsohon miki ne ya tashi.

Tushe

Siyasar talakawa a Kano ta fara tsayuwa da ƙafafunta ranar 8 ga Agusta, 1950, ranar da aka kafa jam'iyyar NEPU a birnin. Malam Aminu ya bar aikin koyarwa a Maru ya shigo cikinta, a 1953 ya zama shugabanta. Abin da NEPU ta tsaya a kai sananne ne: 'yantar da talaka daga zaluncin hukumar En'e, da haraji, da aikin tilas, da kotunan da ba a ɗaukaka ƙara a gabansu sai da tsoro. 'Yan Sawaba, wato magoya bayan NEPU, sun sha ɗauri da bulala a kan wannan, kuma wannan wahalar ce ta sa siyasar aƙida ta zama abin alfahari a Kano.

Tun a wancan zamani akwai tambayar da ba ta taɓa barin gidan ba. Jam'iyyar da ƙarfinta yake a yanki ɗaya ba ta iya kafa gwamnatin tarayya ita kaɗai, dole ta nemi abokin tafiya. To wa za a bi, kuma da wane sharaɗi? NEPU ta ƙulla ƙawance da NCNC ta Azikiwe, abokan hamayyarta na NPC kuwa suka riƙa yi mata gorin cewa ta sayar da Arewa. Wannan tambaya ce ta dawo a Jamhuriya ta Biyu da ƙarfin da ya tsaga jam'iyya gida biyu.

PRP da zaɓen 1979

Da aka ɗage takunkumin siyasa a Satumbar 1978, Malam Aminu ya fice daga taron da ya rikiɗe ya zama NPN, ya kafa PRP tare da tsofaffin 'yan NEPU, da malaman jami'a, da 'yan ƙwadago irin su Michael Imoudu. Alamarta mabuɗi, takenta "Nasara". Gidansa na Gwammaja, wanda yanzu ake kira Gidan Mumbayya, shi ne cibiyar shawara. Rimi ba shi ne ɗan takarar gwamna na farko ba. Injiniya Salihi Iliyasu aka tsayar, sai hukumar zaɓe ta FEDECO ta hana shi, aka ɗauko Rimi ya maye gurbinsa.

A zaɓen shugaban ƙasa Kano ta bi Malam Aminu da gagarumin rinjaye, har Shehu Shagari na NPN bai samu kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'un jihar ba, ya tsaya a ƙasa kaɗan da kashi 20 cikin ɗari. A kan ƙuri'un Kano aka yi shari'ar nan ta "sha biyu da biyu bisa uku", wato musu a kan ko Shagari ya samu kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'u a kashi biyu bisa uku na jihohi 19 kamar yadda doka ta nema, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a Satumbar 1979 ta tabbatar wa Shagari kujerarsa. Wanda ya riƙe wannan a zuciya zai gane dalilin da ya sa kowane mai neman shugabancin Nijeriya yake zawarcin Kano, da kuma dalilin da ya sa rikicin cikin gida na 'yan siyasarta ba ya tsayawa a Ƙofar Nassarawa.

Gwamnatin Rimi ta fara da abin da NEPU ta yi shekara talatin tana nema: ta soke haraji da jangali. Ta mayar da ranar ma'aikata ta 1 ga Mayu ranar hutu, ta kafa hukumar yaƙi da jahilci, da jaridar Triumph, da gidan talabijin na CTV. A kan waɗannan ayyuka babu saɓani tsakanin gwamna da shugaban jam'iyya.

Yadda aka rabu

Saɓanin ya taso ne daga taron gwamnoni tara. Gwamnoni biyar na UPN, jam'iyyar Obafemi Awolowo, da na GNPP biyu, wato Muhammadu Goni na Borno da Abubakar Barde na Gongola, da na PRP biyu, sun riƙa haɗuwa lokaci zuwa lokaci suna kiran kansu gwamnoni masu ra'ayin cigaba. Manufarsu a fili take: su haɗa ƙarfi su kayar da NPN a 1983. Uwar jam'iyyar PRP ta umarci Rimi da Balarabe su daina zuwa, suka ƙi. A cikin 1980 aka kore su, su kuma suka yi nasu babban taron suka naɗa Imoudu shugaba, suka ce su ne PRP ta gaskiya. FEDECO ta amince da ɓangaren Malam.

Kowane ɓangare yana da hujjar da mai hankali zai saurara. 'Yan Taɓo suka ce gwamna ɗan jam'iyya ne, jam'iyya ce ta ɗora shi, ba shi da hurumin ƙulla ƙawance da wata jam'iyya ba da yawunta ba. Suna kuma ganin taron gwamnonin tsani ne kawai da za a taka a kai Awolowo fadar shugaban ƙasa, a bar PRP da riƙon jaka. 'Yan Santsi suka ce wasu na kusa da Malam suna karkatar da jam'iyyar zuwa ga NPN, jam'iyyar masu kuɗi da sarauta, wadda aka kafa PRP domin a yaƙe ta. Da sakataren jam'iyyar na ƙasa, S. G. Ikoku, ya koma wajen Shagari daga baya, sai suka ce ga abin da muke faɗa. Akwai kuma abin da ba a cika rubutawa a takardun sanarwa ba, amma kowa ya san da shi. Tsofaffin da suka sha ɗauri a zamanin NEPU suna ganin samari 'yan boko sun hau mulki sun manta da su, samarin kuma suna ganin tsofaffin suna son a riƙa juya gwamnati daga zaure.

Sunayen kansu daga ƙasa aka ɗauko su. Santsi shi ne wurin da ƙafa ba ta kama ƙasa, taɓo kuwa laka ce mai riƙe ƙafa. Kowane ɓangare ya fassara su yadda ya yi masa daɗi. Ɗan Taɓo zai ce santsi ya kwashe yaran, su kuwa suna nan daram inda Malam ya tsaya. Ɗan Santsi zai ce su ne masu tafiya, waɗancan sun maƙale.

Rabuwar ta shiga gidaje da kasuwanni da majalisun unguwa. Ta raba aminai, ta ba 'yan banga aikin yi, abin da ya kamata a faɗa ba tare da kwana-kwana ba, domin talakan da aka ce ana yi dominsa shi ya fi jin jiki. Shekarar 1981 ta zo da masifu a jere. Ranar 23 ga Yuni majalisar dokokin Kaduna, wadda NPN ke da rinjaye a cikinta, ta tsige Balarabe Musa. Ranar 10 ga Yuli tarzoma ta ɓarke a Kano bayan takardar tuhuma da gwamnati ta aika wa Sarki Ado Bayero, aka ƙona gine-ginen gwamnati, aka kashe Dakta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa. A shekarar ce kuma aka tsige mataimakin gwamna, Ibrahim Bibi Faruk, Abdu Dawakin Tofa ya gaje shi.

Abin takaicin shi ne haɗin kan da aka fasa jam'iyya dominsa bai tabbata ba. Bayan yarjejeniyar haɗin gwiwa tsakanin NPN da NPP ta Azikiwe ta rushe, gwamnonin NPP uku suka shigo taron, gwamnonin suka zama goma sha biyu, aka kafa ƙawancen jam'iyyun adawa mai suna PPA, amma Awolowo da Azikiwe suka kasa janye wa juna. FEDECO ta ƙi yi wa sabuwar jam'iyyar da aka so kafawa rajista. Rimi ya sauka daga mulki a Mayun 1983 ya shiga NPP domin ya sake takara. Malam Aminu ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983, kafin a je rumfar zaɓe, Hassan Yusuf ya karɓi takarar shugaban ƙasa ta PRP. Sabo Bakin Zuwo na Taɓo ya kayar da Rimi a Kano, Shagari ya sake lashe ƙasa, wata uku bayan rantsuwa sojoji suka kwashe kowa.

Jamhuriya ta Uku

Da gwamnatin Babangida ta ƙirƙiro jam'iyyu biyu a 1989, 'yan Santsi da 'yan Taɓo suka tsinci kansu a inuwa ɗaya, SDP, kowa da tsohon tabonsa. Rikicin tikitin gwamna tsakanin tsagin Magaji Abdullahi da na Aminu Inuwa ya kai ga wasu suka yi angulu da kan zabo, Kabiru Gaya na NRC ya ci zaɓen Disambar 1991 a jihar da kowa ya san ta SDP ce. A matakin ƙasa kuwa an soke zaɓen fid da gwanin 1992 wanda Shehu Musa 'Yar'aduwa yake kan gaba a cikinsa, aka sake sabo, MKO Abiola ya samu tikiti a Jos a Maris 1993. A nan Kano ta nuna abin da take iyawa idan gidan ya haɗu: ranar 12 ga Yuni, Abiola ya kayar da Bashir Tofa na NRC a Kano, jihar da aka haifi Tofa.

Daga 1999

Rimi yana cikin waɗanda suka kafa PDP a 1998, kuma ya nemi tikitin shugaban ƙasa a Janairun 2003 a Abuja, inda Obasanjo ya yi nasara. A lokacin dangantakarsa da Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso ta yi tsami, kuma ɓarakar PDP tana cikin abubuwan da suka share wa Malam Ibrahim Shekarau na ANPP hanya a zaɓen gwamna na shekarar, tare da guguwar Buhari.

Sunan "masu cigaba" ya dawo da kafuwar APC, wadda aka yi wa rajista ranar 31 ga Yuli, 2013, bayan narkewar ACN da CPC da ANPP da wani ɓangare na APGA. Shekarau yana cikin masu gina ta. A Nuwamba Kwankwaso ya shigo tare da wasu gwamnonin PDP huɗu, aka miƙa masa ragamar jam'iyya a jiha kasancewarsa gwamna mai ci, sai Shekarau ya fice zuwa PDP a farkon 2014. A zaɓen fid da gwani na Disambar 2014 a filin wasa na Teslim Balogun da ke Legas, Muhammadu Buhari ya samu ƙuri'a 3,430, Kwankwaso ya zo na biyu da 974, Atiku Abubakar ya samu 954. Wannan karon waɗanda suka faɗi sun zauna a cikin jam'iyya, Kano ta ba Buhari ƙuri'a kimanin miliyan 1.9 a 2015.

Zaman bai daɗe ba. Kwankwaso da magajinsa Abdullahi Umar Ganduje sun raba gari a 2016, aka samu Kwankwasiyya mai jar hula da Gandujiyya. A 2018, watanni kaɗan kafin zaɓen fid da gwani, Kwankwaso ya koma PDP, Shekarau ya dawo APC, kamar masu musayar ɗaki. A 2021 APC ta yi zaɓen shugabanni kashi biyu a Kano, tsagin gwamna da Abdullahi Abbas, tsagin Shekarau da ake kira G7 da Ahmadu Haruna Ɗanzago. Kotun Ƙoli ta ba tsagin gwamna gaskiya a Mayun 2022, ana saura wata guda a fid da ɗan takarar shugaban ƙasa. Kwankwaso ya riga ya tafi NNPP, tattaunawarsa da jam'iyyar Labour ta Peter Obi ta watse a kan wa zai zama ɗan takara, wa zai zama mataimaki, irin dutsen da jirgin PPA ya fashe a kansa shekara arba'in baya. A 2023 ya ci Kano kaɗai a zaɓen shugaban ƙasa, Abba Kabir Yusuf ya zama gwamna.

Dalilin da ya sa rikicin ke zafi gab da fid da gwani

Amsar tana cikin tsarin daliget. Wanda ya riƙe shugabannin jam'iyya na mazaɓu da ƙananan hukumomi shi ke da wakilan da za su je babban taro, Kano kuwa da ƙananan hukumomi 44 ta fi kowace jiha yawa. Saboda haka faɗan da ake gani a kan kujerar shugaban jam'iyya na mazaɓa a Dala ko Fagge ko Gwale yakan kasance faɗan tikitin shugaban ƙasa ne tun daga tushe. Daga nan ake samun musu a kan hanya: masalaha za a yi, ko daliget, ko 'yar tinƙe? Mai riƙe da jam'iyya ya fi son masalaha, wanda aka mayar saniyar ware ya fi son ƙato bayan ƙato. Gidajen rediyon birnin, inda sojojin baka ke baje kolinsu kowane dare, suna kai wannan musu har cikin shagon tela da teburin mai shayi.

Akwai bambanci guda da ya kamata a lura da shi. A 1980 ɓangarorin sun yi jayayya a rubuce a kan aƙida, a kan matsayin jam'iyya da gwamna, da kuma irin ƙawancen da ya halatta ga jam'iyyar talakawa. Rigingimun baya-bayan nan an fi saninsu da sunayen mutane da launin hula. Duk da haka kusan kowane tsagi yana jingina kansa da Malam Aminu, kuma duk ranar 17 ga Afrilu ana taron tunawa da shi a Gidan Mumbayya, wanda yanzu cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ce a ƙarƙashin Jami'ar Bayero.